Firijin da Aka Auna da Robar Wando

Masu ba da labarin firijin ƙanena suna yin kuskure biyu, ni kuwa tun da na ajiye aikin koyarwa ban daina jin zafin kuskure ba, a takarda yake ko a baki. Na farko, suna cewa mai sayar da kayan wuta ne ya cuce shi. Ba gaskiya ba ne. Na taka har shagon mutumin da wannan gwiwa tawa mai ciwo, na zauna, na yi masa tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, na kuma tabbatar sau uku ya gargaɗi ƙanena. Na biyu, suna cewa bai auna ƙofa ba kafin ya tafi kasuwa. Wannan ma ƙage ne. Ya auna. A kan idona ya auna, har sau biyu. Da bai auna ba, da abin ya zo da sauƙi.

Ƙanena ma'aikacin ofis ne, aikinsa buga hatimi a kan takardu, amma duk layinmu Injiniya ake ce masa. Asalin sunan, wata rana rediyon wani maƙwabci ya yi shiru, sai ya karɓa ya doke shi da tafin hannu, rediyo ya yi magana. Tun daga ranar yake yawo da sukudireba a aljihun gaba, kusa da biro. Rediyon ya mutu murus bayan kwana biyu. Sunan ne ya ƙi mutuwa.

Matarsa tela ce, Anti Tela ake kiranta, mace mai yawan aiki da ƙarancin magana. Gidan haya ɗaya muke, ƙofata tana kallon tasu, tsakar gida ce kawai tsakaninmu. Shekara biyu ta yi tana tara kuɗi a gwangwanin da take zuba maɓallai, don abu uku: ƙaramin firiji, dutsen guga na lantarki, da fanka. Dutsen gugar ya fi komai gaggawa. Wata makaranta ta ba ta ɗinkin fararen riguna arba'in, za a kai ranar Litinin, kuma a karon baya dutsen gawayinta ya tofa toka a wuyan riguna uku. Shugaban makarantar ya faɗa mata ba ɓoye-ɓoye: aka sake ganin ɗigon baƙi ko ɗaya, aikin ya koma hannun wani tela. Wannan aikin kuwa shi ke riƙe da rabin tukunyar gidan.

Ranar Asabar da safe kuɗi suka cika. Ita ba ta da halin tashi daga kan keken ɗinki, saura hannun riga goma sha ɗaya ba ta haɗa ba. Ni gwiwata ta kumbura. A nan ne na yi nawa laifin, kuma ba zan ɓoye shi ba: na bari aka miƙa wa ƙanena gwangwanin.

Na rubuta masa abubuwan a takarda da babban baƙi, na ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar “ƙarami”. Ya karɓa, ya dube ta yadda likita yake duban takardar da majinyaci ya rubuto wa kansa magani.

Ya ce, “Yaya, mutum irina ake rubuta wa takarda? Ni fa in na shiga kasuwar kayan wuta, 'yan kasuwa ɓoye farashin ƙarya suke yi. Da kunne nake gane inji. In na kara kunnena a jikin firiji, zan faɗa miki shekarunsa.”

Na ce, “Ba shekarunsa muke nema ba. Faɗinsa muke nema. Auna ƙofa.”

Anti Tela ta cire tef ɗin awo daga wuyanta ta miƙa masa. Ya kawar da kai.

“Wannan na ƙugu da kafaɗa ne. Lambobi kuma mantawa ake yi da su. Mu a fagen aiki igiya muke ɗauka mu ƙulla, ƙulli ba ya ƙarya.”

Ya sa hannu a kwandon tarkacenta ya zaro wata farar igiya. Ya ɗora ta a faɗin ƙofar falo, sakwa-sakwa, ya ƙulla daidai inda ta kai. Ya sake ɗorawa don tabbatarwa. Ya cusa a aljihu ya fita yana fito. Tabarona yana ɗaki, Anti Tela kuma kanta yana kan allura. Babu wadda ta lura a cikinmu cewa abin da ya zara robar wando ce, irin wadda ake zurawa a ƙugun wandon yara, mai miƙewa ta ninka kanta.

Abin da ya faru a kasuwa, daga bakin mai shagon na ji shi, kuma yaran shago ba su saɓa masa ko a kalma ɗaya ba. Ya nuna wa ƙanena ƙaramin firiji mai kyau, tsayinsa bai wuce ƙirji ba, da dutsen guga sabo a kwali, da fanka ta tsaye. Ya ce kuɗin gwangwani za su ɗauki duka ukun, har a samu na mota. Ƙanena bai ko sunkuya ya duba ba. Idonsa ya riga ya faɗa kan wani abu a can ƙuryar shago: firiji na hannu mai ƙofa biyu na gilashi, wanda aka kwaso daga wani gidan abinci da ya rufe, ya fi mutum tsayi, ya fi gadon mutum ɗaya faɗi.

“Wancan fa?”

“Yallaɓai, wancan na masu sana'a ne. Ba na ɗaki ba ne.” Gargaɗi na ɗaya ke nan.

“Ka san irin ɗakina ne? Nawa?”

Kuɗinsa ya tashi daidai da duk abin da ke cikin gwangwani. Ƙanena ya yi murmushi, ya bayyana wa mai shago da duk wanda ke kusa cewa in aka raba kuɗin da girman firijin, kowane taƙi nasa ya fi na ƙaramin araha nesa ba kusa ba, don haka wanda ya sayi ƙarami shi ne almubazzari.

Mai shago ya ce, “Yana shan wuta fa, yallaɓai. Mitar gida ba za ta ɗauke shi ba.” Na biyu ke nan.

Ƙanena ya kara kunne a jikin firijin, wanda ko a jone ba ya, ya saurara, ya gyaɗa kai. “Lafiyayye ne. Ko tari ba ya yi.”

Sannan ya zaro igiyarsa. Ya danne baki ɗaya a gefen firijin, ya ja ɗaya bakin. Ƙulli bai kai ba. Ya ƙara ja. Ya kusa. Ya cije leɓe ya ja, ƙulli ya sauka daidai a ɗaya gefen.

“Cif! Kamar don ƙofata aka ƙera shi.”

“Yallaɓai, igiyar nan miƙewa take yi.” Na uku ke nan.

“Kai dai sayarwa ka iya. Awo ka bar wa masu shi.”

Ya tuna da dutsen guga a lokacin da gwangwani ya riga ya zama fanko. Nan ya tsaya kai da fata sai an yi masa gyara. Don a rabu lafiya, mai shago ya laluba ƙarƙashin tebur ya ciro wani tsohon dutsen guga da ba shi da waya, ya ɗora masa a kai. Ƙanena ya fita yana gaya wa mutane ya yi wa ɗan kasuwa wayo.

Bayan azahar muka ji hayaniya a bakin layi. Na leƙa. Ga 'yan dako huɗu sun jiƙe da gumi suna turo kura, ga firiji a tsaye a kai an ɗaure da igiya, ga ƙanena a gaba yana kaɗa hannu yana korar mutane daga hanya, kai ka ce shi ya ƙera shi. Wanzamin da ke da shago a bakin ƙofar gidanmu ya fito da almakashi a hannu.

“Injiniya, asibiti za ka buɗe?”

“Zamani za mu shigo da shi gidan nan. Daga yau ba mai sake shan ruwan zafi a layin nan.”

Matar direba, maƙwabciyarmu ta hannun dama, ta riƙe haɓa. “Anti Tela, fito ki ga! An kawo miki ɗaki na uku!”

Anti Tela ba ta fito ba, ta taga ta leƙo. Ta dubi firijin tun daga ƙasa har sama. Ba ta tambayi kuɗinsa ba. Abu ɗaya ta ce: “Maigida, ina dutsen gugana?”

Ya ɗaga shi sama kamar kofin gasa. “Kyauta na karɓo miki!”

“Ina wayarsa?”

“Waya ai aikin minti biyar ce a wurina.”

Na ce, “Ina fanka?”

“Yaya, mai wannan firiji me zai yi da fanka? Buɗe ƙofarsa kawai za a yi, falo ya zama kamar bakin kogi.”

'Yan dako suka sauke shi suka jawo shi bakin ƙofar falo. Ko makaho ya shafa zai san ba za ta yiwu ba. Firijin ya fi ƙofar da kusan taƙi biyu. Babban cikin 'yan dakon ya ce, “Maigida, wannan fa sai dai a gina masa nasa.”

“Na auna! A juya shi ta gefe.”

Aka juya ta gefe. Ta gefen ma sai da marfin ƙofa ya tare. Ƙanena ya aika aka kira kafinta, kafinta ya cire marfin ya jingine a bango, ya ce shi dai nasa ido. Aka kwantar da firijin a haƙarƙarinsa, aka cusa kansa. Ya shiga kamar kamu ɗaya, ya tsaya.

“Ku tura! Ɗaya, biyu!”

Suka tura. Katakon ƙofa ya yi ƙara, siminti ya zubo. Firiji ya ƙara shiga kaɗan, ya cije. Suka ce bari su jawo shi baya a sake dabara. Ya ƙi fitowa. Rabi a falo, rabi a tsakar gida, ya toshe ƙofar ruf, ɗan sararin da ya rage a sama ko kyanwa sai ta yi tunani. Falon nan kuwa ba shi da wata ƙofa, tagarsa kuma da ƙarafa. Anti Tela tana ciki.

Ta dawo taga, ta kama ƙarfe da hannu biyu. “Maigida, ta ina zan fita?”

“Fita ina? Ba ɗinki kike yi ba? Ki ci gaba da aikinki, mu muna namu.”

“Tukunyata tana kan wuta a kicin.”

Matar direba ta tafi ta sauke mata tukunya, ta dawo da kujera ta zauna, don ta ce ba za a ba ta labari ba. Kafin la'asar tsakar gidanmu ta cika. Kowa da shawararsa. Wani ya ce a cire ƙofofin gilashin, wani ya ce a cire rufin ɗaki a sauke shi ta sama, wata tsohuwa ta ce a bar shi nan ya zama ƙofa, tunda dama yana buɗewa.

Ƙanena ya ɗaga hannu aka yi shiru. “Matsalar gogayya ce. A kawo mai.”

Ya shiga kicin ya ɗauko galan ɗin man girkin gidan, ya tuttula a gefen firiji da katakon ƙofa, abin da ya rage ya malale a ƙasa. Ya ja da baya, ya naɗe hannun riga, ya ce wa 'yan dako su kalli yadda ake sa kafaɗa. Ya taho da gudu. Bai kai ga firijin ba. Ƙafafunsa suka riga shi isa, ya zauna daɓas a cikin mai, hularsa ta yi gaba, sukudireba ta yi baya.

Babban ɗan dako ya ce, “Mun gani, maigida. Sai dai mu ba a biya mu kuɗin wannan salon ba.”

Ya miƙe, rigarsa tana ɗiga. Mutum mai hankali a nan zai tsaya. Ƙanena kuwa ya lura mutane sun fara dariya, dariya kuma ita ce abin da ba ya iya haɗiyewa. Ya ce kafin a ci gaba, bari ya nuna wa masu baƙin ciki irin sanyin da aka sayo. Kafinta ya ce ba a kunna firiji a kwance. Ƙanena ya tambaye shi ko firijin katako ne. Ya jawo doguwar waya daga soket ɗin tsakar gida, ya jona.

Firijin ya yi wani gurnani kamar babbar mota a kan tudu. Fitilar cikinsa ta kawo, jama'a suka ce “Kai!” Ƙanena ya buɗe baki zai yi jawabi. Sai muka ji tas daga wajen mita, wani siririn hayaƙi ya tashi, wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Keken Anti Tela, wanda na lantarki ne, ya tsaya a tsakiyar hannun riga.

Shagon wanzami ma a kan mitarmu yake. Wanda ke kan kujerar aski a wannan lokaci kuwa ba kowa ba ne illa Alhaji mai gidan da muke haya. Ya shigo da ƙyallen aski a wuya, rabin kansa tal kamar ƙwai, ɗaya rabin da furfurarsa cif, wanzami yana biye da shi da mataccen inji a hannu. Ya tarar da marfin ƙofarsa a jingine, katako a tsage, mai a ƙasa, mace a bayan ƙarafa, ga kuma ƙanena ya karɓi gudumar kafinta yana auna inda zai fara fasa bango.

“Injiniya! Me za ka yi da gudumar nan?”

“Ranka ya daɗe, bulo biyu kawai zan cire. Gyara ne, kyauta zan yi maka.”

“Ka taɓa bangon nan, yau a cikin firijin za ka kwana!”

“Alhaji, ba laifina ba ne, ƙofarka ce. Katako ne ya sha damina ya kumbura. Da safe na auna ta, ga shaida.”

Ya zaro igiyarsa. Ya je ƙofata, wadda faɗinta ɗaya da tasu, ya ɗora sakwa-sakwa. Ƙulli ya sauka a gefe. Ya dawo kan firiji ya danne, ya ja, ya ja, jijiyar wuyansa ta tashi, ƙulli ya sauka a gefe. Ya juyo yana haki. “Jama'a, kun gani da idonku. Awo ɗaya ne!”

Wallahi akwai waɗanda suka fara gyaɗa kai. Wannan ne ya tashe ni daga kujera, da gwiwar da komai. Shekara talatin da biyar na yi ina koyar da lissafi, ba zan zauna a kashe shi a tsakar gidanmu ba. A lokacin tabarona yana idona. Na karɓi igiyar, na ja ta sau ɗaya, na gane ta.

Anti Tela ma ta gane ta daga taga. Ta ce da murya a sanyaye, “Yaya, robar wandon 'yan aji ɗaya ce. Tun safe nake nemanta.”

Na ce wa ƙanena ya tsaya cak. Na zagaya robar a kansa, ƙulli ya haɗu da baki. Na je na zagaya ta a randar matar direba, na ja, ƙulli ya haɗu da baki. Na ce, “Bisa awon Injiniya, kansa da randar nan girmansu ɗaya. Bambancin kawai, ita randar akwai abu a ciki.”

Gidan ya kece da dariya. Alhaji ma sai da ya dafa bango, rabin kansa yana ƙyalli. Ƙanena ya fizge robar, ya ce ba a iya riƙe ta ba ne, akwai yadda ake ja. Ya taka baki ɗaya da ƙafa, ya jawo ɗaya har saitin fuska don ya yi bayani. Ƙafar da mai a jikinta. Robar ta kuɓuce, ƙullin nan da ba ya ƙarya ya same shi a kan karan hanci. Bayanin bai samu fitowa ba.

Anti Tela ba ta yi dariya ba. Ta miƙo tef ɗinta ta taga ta ce, “Yaya, riguna arba'in. Jibi.” Nan take dariya ta yanke, domin kowa ya san abin da wannan yake nufi.

Mai shagon lemo ta tsallaken titi ce ta fitar da mu. Tun ɗazu tana tsaye tana kallon firijin da idon sana'a. Ta karɓi tef, ta auna shi, ta tsallaka ta auna ƙofar shagonta, ta dawo ta yi tayi. Ba ta biya abin da aka saye shi ba, kuma ban ga laifinta ba, tunda yanzu ya sha mai, ya sha ƙasa, gefensa ya loɓa. Ƙanena ya buɗe baki zai yi ciniki. Murya uku suka ce masa ya yi shiru: tawa, ta Alhaji, da ta taga. Kafinta ya ɓalle katakon ƙofa gaba ɗaya, aka ɗaura igiya ta gaske, maza takwas suka ja, firiji ya fito. Anti Tela ta tako ta kan mai a hankali, ta karɓi kuɗin da hannunta, ta mayar a gwangwanin maɓallai, ta rufe.

Washegari mu biyu muka tafi kasuwa, tef a wuyanta, sanda a hannuna. Bayan an sallami kafinta da mai gyaran mita, abin da ya rage ya ɗauki ƙaramin firijin nan da dutsen guga sabo a kwalinsa. Fanka ce ba ta samu shiga ba. Ranar Litinin riguna arba'in suka isa makaranta farare tas, ba ɗigo ko ɗaya.

Zancen fanka kuwa, ni na yanke hukunci. Ranar Lahadin nan, tun daga rigar farko har ta arba'in, ƙanena yana tsaye a bayan matarsa da kwalin dutsen guga yana yi mata fifita, hancinsa a kumbure. Haka kuma ake yi duk ranar guga har yau, sai ranar da ya sayo fanka daga albashinsa. Bai daddara ba, kada ku yi zaton ya daddara. Duk baƙon da ya zo, sai ya ja shi bakin titi ya nuna masa shagon lemo ya ce, “Ka ga firijin can? Ni na zaɓo mata shi. Da kunne.”

Saboda haka, duk wadda ta tara kuɗinta don kayan gida, ta ɗauki tef mai lambobi ta auna ƙofarta, ta rubuta a takarda, ta tafi kasuwa da ƙafarta. In kuma dole sai ta aiki wani, ta fara laluba aljihunsa. In ta samu sukudireba kusa da biro, ta karɓe gwangwaninta.